Dante: Mawaƙin Da Ya Ɗaukaka Harshen Gidansu

Shafin Ra'ayi. Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida

 

Yau ina so mu leƙa ƙasar Italiya, mu ji labarin wani mawaƙi mai suna Dante Aligiyeri. Ya rasu tun shekarar 1321, fiye da shekara 700 ke nan. Duk da haka har gobe ɗaliban Italiya suna karanta waƙarsa a aji, hotonsa yana jikin kwandalar Yuro 2 ta ƙasar, kuma Italiyawa suna kiransa uban harshensu. Sarakuna da attajirai da yawa sun yi zamani da shi, an manta da su. Wasu ma ba a tunawa da su sai don ya ambace su a waƙarsa. To me ya sa nasa sunan ya ƙi ɓacewa?

Dante yana da basira, wannan babu musu. Amma a ra'ayina abin da ya kai basirarsa kunnen jama'a shi ne shawarar da ya yanke ta rubuta babbar waƙarsa da harshen garinsu, harshen kasuwa da tsakar gida. Ya yi haka ne a lokacin da masu ilimi suke ganin harshen Latin kaɗai ya isa a rubuta abu mai nauyi da shi. Ina ganin wannan labari ya shafe mu, mu da muke zuwa makaranta da harshe ɗaya a baki, a koyar da mu da wani.

WANE NE DANTE?

An haifi Dante a shekarar 1265 a birnin Firenze, wanda a Turanci ake kira Florence, a yankin Tuskani. A wancan lokaci babu ƙasa guda mai suna Italiya da gwamnati ɗaya. Birane ne kowanne da hukumarsa da dakarunsa, kuma sau da yawa suna yaƙi da juna. Firenze birni ne na fatake da masaƙa da masu canjin kuɗi. Dante kansa ya hau doki ya yi wa birninsu yaƙi a fagen Campaldino a 1289.

Tun yana ɗan shekara tara ya ga wata yarinya mai suna Beatrice, ta kwanta masa a rai. Bai aure ta ba. Matarsa ita ce Gemma Donati, wadda ta haifa masa 'ya'ya. Beatrice ta rasu a 1290 tana da ƙuruciya, mutuwarta ta girgiza shi ƙwarai. Bayan haka ya tattara waƙoƙi 31 tare da bayaninsu a wani ɗan littafi mai suna Vita Nuova, wato Sabuwar Rayuwa. Da harshen gida ya rubuta shi. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin an saba yin waƙoƙin soyayya da harshen jama'a. Abin da ba a saba ba shi ne a ɗauki wannan harshe a yi maganar falsafa da taurari da lahira da shi.

YADDA AKA KORE SHI DAGA GIDA

Dante ya shiga siyasa. A shekarar 1300 ya zama ɗaya daga cikin mutum shida da ke shugabantar Firenze, wa'adinsu wata biyu ne kacal. A lokacin jam'iyyar da ke mulkin birnin ta rabe gida biyu, ana kiran ɓangare ɗaya Farare, ɗayan kuma Baƙaƙe. Sunayen ƙungiya ne kawai, ba su da alaƙa da launin fata. Dante yana cikin Farare, waɗanda ba sa son Paparoma Boniface na 8 ya riƙa tsoma baki a mulkin birninsu.

A ƙarshen 1301 aka tura shi birnin Rum cikin tawagar da za ta gana da Paparoma. Yana can Baƙaƙe suka ƙwace mulki da taimakon dakarun wani yarima daga Faransa. A watan Janairun 1302 aka yi masa shari'a a bayan idonsa, aka zarge shi da almundahana, aka ci shi tara mai yawa. Bai je ya biya ba, don yana ganin ƙage aka yi masa. Sai a watan Maris aka yanke cewa in ya sake taka Firenze a ƙone shi da ransa.

Daga nan bai ƙara ganin garinsu ba har ya mutu. Kusan shekara 20 ya yi yana zaman baƙunci a gidajen masu mulki, musamman a Verona, daga ƙarshe a Ravenna. A 1315 an yi wa korarru tayin dawowa, da sharaɗin su biya kuɗi kuma su amsa laifi a bainar jama'a. Dante ya ƙi. Ya gwammace ya ci gaba da yawo da ya amsa laifin da ya ce bai yi ba.

An ƙwace masa gida da dukiya da muƙami. Abu ɗaya da ba a iya ƙwacewa ba shi ne harshen Firenze da ke bakinsa. A cikin wannan gudun hijira ne ya rubuta waƙar da ta sa duniya ta san shi.

BABBAR WAƘARSA

Dante ya kira waƙar tasa Commedia. Kada sunan ya ruɗe mu, ba wasan barkwanci ba ne. A zamaninsu ana kiran labari haka idan ya fara da wahala ya ƙare da daɗi. Daga baya masu sha'awarta suka ƙara mata kalmar Divina don girmamawa, kuma a bugun 1555 ne kalmar ta fara fitowa a bangon littafin.

Waƙar tana da babi 100 da ɗango 14,233. An kasa ta kashi uku: Inferno wato Wuta, mai babi 34, Purgatorio wato Dutsen Tsarkakewa, mai babi 33, da Paradiso wato Aljanna, mai babi 33. Kowane baiti ɗango uku ne, irin wanda muke kira ƙwar uku a darasin adabi. Amsa-amonta yana da ban sha'awa. Ɗango na farko da na uku suna amsa juna, shi kuma na tsakiya sai ya ba da amsa-amon baitin da ke biye. Haka baitocin suke riƙe da juna kamar sarƙa, in ka cire ɗaya sai a gane. Kowane kashi daga cikin ukun kuma da kalmar taurari ya ƙare.

Labarin ya fara ne da Dante yana ɗan shekara 35, ya ɓata a wani daji mai duhu. Damisa da zaki da macen kyarkeci suka tare masa hanya. Sai wani tsohon mawaƙin Rumawa mai suna Virgil ya bayyana, ya yi masa jagora suka ratsa Wuta mai hawa tara, suka hau Dutsen Tsarkakewa. Daga can Beatrice ta karɓe shi ta shiga da shi sammai.

A nan dole in ja hankalinmu. Wannan tafiya ƙirƙira ce ta mawaƙi, wadda ya gina a kan aƙidarsa ta Kiristan Katolika na wancan zamani. Ba littafin addini ba ne, kuma Dante ba shi da ikon sanya kowa a wuta ko aljanna. Adabi ne, haka ya kamata a karanta shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sa hukunci ya yi kama da laifi. Bokaye da 'yan duba, masu cewa suna hango gobe, an murɗe musu wuya fuskarsu tana kallon baya, dole su riƙa tafiya da baya. Marowata da almubazzarai suna ta tura manyan kaya masu nauyi da ƙirjinsu, suna karo suna zagin juna. Ma'aikatan hukuma masu cin hanci suna nutse cikin kwalta mai tafasa, wadda ke liƙe wa mutum kamar yadda kuɗin haram ya liƙe wa hannunsu. 'Yan ba-ruwanmu, waɗanda suka ƙi tsayawa da gaskiya suka kuma ƙi fitowa fili su bi ƙarya, suna ta gudu bayan wata tuta, rina da manyan ƙudaje suna harbinsu. A can ƙasan Wuta kuwa ba harshen wuta ya sa ba, ƙanƙara ya sa, maciya amana suna daskare a ciki. A kan Dutsen Tsarkakewa masu girman kai suna tafe a sunkuye da duwatsu a gadon bayansu, masu hassada kuma an ɗinke musu fatar ido da waya.

Bai ji tsoron kama suna ba. Ya sa 'yan siyasar garinsu, da attajirai, har da wasu Paparoma da yake zargi da sayar da muƙaman coci. Ka ga ke nan waƙar maganar lahira take yi, amma da mutanen duniya take.

ME YA SA BAI RUBUTA DA LATIN BA?

A Turai ta wancan lokaci Latin ne harshen coci da jami'a da manyan littattafai. Babu jaririn da ke tashi da shi a gida, sai an je makaranta an sha wuya kafin a iya. Saboda haka malaman coci da lauyoyi da likitoci ne suka fi saninsa. Yawancin mata da 'yan kasuwa da masu sana'a ba su da rabo a ciki.

Dante ya iya Latin sosai. Ya rubuta wasiƙu da shi, ya rubuta littafi a kan mulki mai suna Monarchia da shi. Abin ban dariya ma shi ne, da ya tashi kare harshen gida, da Latin ya rubuta littafin, mai suna De vulgari eloquentia, don masu ilimin da ke raina harshen su karanta da kansu. A ciki ya nuna cewa harshen da yaro ke koya daga masu renonsa ba tare da an zaunar da shi an koya masa doka ba, ya fi wanda ake koya a makaranta daraja, domin shi ne na asali. Ya lissafa kare-karen harshe 14 a Italiya, ya yi ta sukar su ɗaya bayan ɗaya, har da na yankinsu bai bari ba. Abin da yake nema shi ne gogaggen harshe, wanda aka tace aka gyara har ya isa ɗaukar kowace irin magana.

A wani littafin kuma mai suna Convivio, wato Liyafa, ya kwatanta ilimi da abinci. Ya ce yana so ya raba shi ga maza da matan da hidimar iyali da ta gari ta hana su zaman koyon Latin. Shi ya sa ya rubuta wannan da harshen gida.

Ba kowa ya ji daɗin haka ba. Wani malami a birnin Bologna mai suna Giovanni del Virgilio ya aika masa da waƙa cikin Latin, yana nuna masa cewa yana ɓarnatar da basirarsa a kan jama'ar da ba su san darajarta ba, gara ya yi waƙa da Latin don masana su karrama shi. Dante ya ba shi amsa da Latin mai kyau, sannan ya ci gaba da rubuta waƙarsa da harshen Firenze. Inda ya rasa kalmar da za ta ɗauki abin da yake nufi, sai ya ƙirƙiro sabuwa, ko ya aro daga Latin ya gyara ta ta zauna.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Dante ya rasu a Ravenna a watan Satumban 1321, yana da shekara 56, bayan ya dawo daga wani aike a birnin Venis. Lokacin ba a fara ɗab'i a Turai ba, da hannu ake kwafar littafi. Duk da haka aka yi ta kwafar waƙar, har yau akwai ɗaruruwan irin waɗannan kwafe a ɗakunan karatu. An fara buga ta da inji a garin Foligno a 1472.

Wani marubucin Firenze mai suna Franco Sacchetti ya ba da wani labari mai daɗi. Wai wata rana Dante yana wucewa sai ya ji wani maƙeri yana rera baitocinsa yana kwaɓa su. Sai ya shiga maƙerar ya kama watsar da guduma da awartaki a titi. Maƙeri ya ce me ya sa kake ɓata mini kayan aiki? Dante ya nuna masa cewa shi ma kayan aikinsa yake ɓatawa. Labari ne irin na hira, amma ya nuna yadda mutanen wancan ƙarni suka ɗauki waƙar Dante: abu ne da maƙeri ma zai iya rerawa a bakin aikinsa. Da Latin ce, da maƙerin bai ma san da ita ba.

A 1373 hukumar Firenze, birnin da ya kore shi, ta ɗauki marubuci Boccaccio ya riƙa karanta waƙar yana yi wa jama'a sharhi a fili. Shi Boccaccio da wani mawaƙi mai suna Petrarca su ma sun yi rubutu da harshen Tuskani. Saboda ayyukan waɗannan mutum uku, marubutan sauran yankuna suka riƙa koyi da wannan karin harshe. Da Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, mutane ƙalilan ne suke magana da shi a gida, kowa da karin yankinsa. Amma shi aka ɗauka ya zama harshen ƙasa, makarantu da jaridu da rediyo da talabijin suka yaɗa shi. Shi ne Italiyancin yau. Wato harshen da aka ce bai isa a yi ilimi da shi ba, yanzu da shi ake koyar da likitanci a jami'o'in Italiya. Latin kuwa ya koma darasi a aji.

Tasirin waƙar ya tsallake Italiya. An fassara ta zuwa harsuna masu yawa. Masu zane irin su Botticelli da Gustave Doré sun zana hotunanta. Akwai wani sanannen mutum-mutumi na wani mutum zaune ya yi tagumi yana tunani, wanda Rodin ɗan Faransa ya ƙera. Asalinsa wani ɓangare ne na wata babbar ƙofa da ya tsara a kan labarin Wutar Dante. Wani marubuci Ba'italiye mai suna Primo Levi, wanda 'yan Nazi suka tsare a sansanin Auschwitz a 1944, ya ba da labarin yadda ya yi ta ƙoƙarin tuno baitocin Dante don ya koya wa wani ɗan'uwansa fursuna, suna kan hanyar ɗauko abinci. A wurin da aka mai da mutane kamar dabbobi, waƙar da ya haddace a makaranta ta tuna masa cewa shi mutum ne.

Mutanen Firenze kuwa sun yi da-na-sani. Sun nemi a ba su ƙasusuwansa, mutanen Ravenna suka hana. A 1519 da Paparoma ya ba da izinin a ɗauke su, sai wasu malaman coci na Ravenna suka ɓoye su, aka buɗe kabari aka tarar babu komai. Daga baya wurin ɓoyon ya ɓace wa mutane, sai a 1865 aka gano su. A cocin Santa Croce da ke Firenze an gina masa wani katafaren kabari, amma fanko ne. Kowace shekara Firenze tana aika man da ake kunna fitilar kabarinsa a Ravenna. A 2008 ma majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar janye hukuncin da aka yi masa. Wannan shi ne ihu bayan hari. Tun daga 2020 kuma Italiya ta keɓe ranar 25 ga Maris ta zama ranar Dante.

INDA BAN YARDA DA SHI BA

Ba zan yabi Dante in ɓoye aibinsa ba. A wani babi na Inferno ya faɗi munanan maganganu game da Annabi Muhammadu (SAW) da Sayyidina Ali (RA). Ba zan maimaita su a nan ba. Babu Musulmin da zai yarda da su, kuma na tabbata 'yan'uwanmu Kiristoci masu son zaman lafiya ba za su so a ci mutuncin abin da wani ke girmamawa ba. Dante ya tashi a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, lokacin da Turawa suke yaɗa labaran ƙarya game da Musulunci, shi ma ya ɗauka. Da wani masani ɗan Masar mai suna Hassan Usman ya fassara Inferno zuwa Larabci a 1959, sai ya cire waɗannan baitoci.

Abin mamaki shi ne, Danten nan dai ya amfana da ilimin Musulmi. Ya ambaci Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin, ya sa su tare da manyan mutanen da yake girmamawa waɗanda ba Kiristoci ba, a wurin da babu azabar jiki. A 1919 wani masani ɗan Sifen mai suna Asín Palacios ya rubuta littafi yana cewa tsarin tafiyar Dante ya yi kama da labaran Mi'iraji da Musulmi suka rubuta, masana kuma suna ta muhawara a kai tun daga lokacin.

Darasina a nan shi ne, mutum zai iya zama gwanin harshe kuma ya jahilci mutanen da bai zauna da su ba. Mu ɗauki abin da ya yi daidai, mu watsar da abin da ya yi kuskure. Kuma mu kula, don abin da aka rubuta yana daɗewa. Kyakkyawar maganar Dante ta yi shekara 700, mummunar ma ta yi shekara 700.

TO MU FA?

Abin da Dante ya gane, magabatanmu ma sun gane shi da kansu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san Larabci sosai kuma ta yi rubutu da shi. Amma da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, jajis suka haddace suka kai wa 'Yan Taru a garuruwansu. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga lungu da saƙo saboda da Hausa aka yi ta. Littattafan Abubakar Imam kuwa kakanninmu sun karanta, iyayenmu sun karanta, mu ma muna karantawa.

Duk da wannan gado, a makarantu da yawa idan ɗalibi ya yi magana da harshen uwarsa sai a ce ya yi banakula. Monita ya rubuta sunansa, a ci shi tara ko a sa shi shara. Na san malamanmu da kyakkyawar niyya suke yi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da Turanci za mu rubuta jarrabawa, da shi za mu karanta kimiyya, da shi za mu yi magana da ɗan'uwanmu da ya zo daga wata jiha. In ba mu yi ta gwadawa a makaranta ba, a ina za mu iya? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da ita. Ban ce mu yi wasa da Turanci ba. Dante bai yi wasa da Latin ba, iya shi da ya yi ne ma ya ba shi damar karanta manyan littattafai ya kawo wa mutanensa abin da ke ciki.

Damuwata ita ce abin da horon yake dasa wa yaro a zuciya. Idan kullum ana hukunta ka saboda harshen da mahaifiyarka ke yi maka addu'a da shi, za ka tashi kana ganin abin kunya ne. Sakamakon a fili yake. Da yawa daga cikinmu ba mu iya Turancin sosai ba, Hausar ma ba mu iya rubuta ta daidai ba. Muna rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa, mu rubuta bata a inda muke nufin ɓata. Muna cakuɗa harsuna biyu a jimla ɗaya, mu yi ta Ingausa. Ga kuma waɗanda suke ganin darasin Hausa lokacin hutu ne. Laifin wannan namu ne, mu ɗalibai.

Akwai wani abin lura kuma. Da harshen Tuskani ya yi ƙarfi, sauran kare-karen harshen Italiya sun ja baya. Hausa ma babban harshe ne, zai iya danne ƙanana. A ajinmu akwai masu Fulatanci da Kanuri da Nufanci da Yarbanci da Ibo da sauransu. Idan mun ce kada a raina Hausa, to mu ma kada mu yi wa wani dariya don ya yi yarensa. Abin da Dante ya kare shi ne harshen da kowane yaro ya tashi da shi a gidansu.

ROƘONA

Ga malamanmu, cikin ladabi ina roƙon abu biyu. Na farko, a ci gaba da matsa mana mu yi Turanci a darasin Turanci da wurin muhawara, amma a duba maganar tara da horo a kan wanda ya yi harshen gida a lokacin tara ko a filin wasa. Na biyu, idan darasi ya yi tsauri, a taimaka a warware mana shi da harshen da muka fi ji, sannan a koma Turanci. Abin da aka fahimta ya fi zama a ka fiye da abin da aka haddace kawai.

Ga shugabannin ƙungiyarmu, ina ba da shawarar a keɓe gefe ɗaya na wannan allo don rubutu da harsunanmu na gida, kowa da nasa, tare da ɗan taƙaitaccen bayani don wanda bai ji ba. Kada a tsaya kan tatsuniya da kacici-kacici kaɗai. Wani ya gwada bayyana yadda ake samun ruwan sama, wani yadda sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wani yadda kwamfuta ke aiki. Inda kalma ta gagara, mu tambayi malamin Hausa ko iyayenmu. Ta haka harshe yake girma.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, mu riƙe darasin Hausa da muhimmanci kamar lissafi. Mu koyi rubuta ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, mu koyi raba kalmomi, mu karanta littattafan Hausa da ke ɗakin karatu. Mu tambayi kakanninmu tsofaffin kalmomi mu rubuta su kafin su ɓace. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Dante an raba shi da gida da ƙarfin tsiya, amma ya riƙe harshen gidan. Mu da muke zaune a gidajenmu lafiya ba mu da hujjar sakin namu.

Duk wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, ya rubuto a miƙa wa sakataren ƙungiya, za mu liƙa shi a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya saka wa malamanmu da alheri.